Wayar da Ke Saman Gonar Ishaya

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun gabas da Gudu, Baba Ishaya ya riga ya hura gawayi a ɗan kaskonsa, ya cusa ƙarfen liƙi a ciki, ya zauna jiran ya yi zafi. Ba ya karyawa sai ƙarfen nan ya yi ja, wai kayan aiki ne ya kamata su fara ci kafin mai su. Daga nan sai ya jera rediyoyin mutane a kan benci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne yana girgiza kai. Duk wanda ya kawo masa rediyo kuwa, to ya zo da shirin shan faɗa. Sai ya tambaye ka wa ya ce ka bar batir ya ruɓe a ciki, wa ya koya maka marin rediyo in ta ƙi magana, kyankyasan da suka tare a ciki kuma kai ka gayyato su ko su suka kawo kansu. In ya gama wanke ka tas sai ya gyara, ya rako ka har bakin rumfa, faɗan bai ƙare ba.

A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Ido ya fara gajiya, ƙananan wayoyin nan sun soma ɓace masa, ga kuma masu awo sun cika daji suna kafa turaku, ana ta cewa babban birnin ƙasa ne zai sauka a kan gonakinmu. Shi ya sa na ga bai kamata mutumin nan ya naɗe tabarmarsa a yi shiru ba. Yawancinmu mun san shi da faɗa da gyaran rediyo. Kaɗan ne suka san abin da ya yi a shekara ta biyu ta yaƙin basasa, su ma sun daɗe suna riƙe da bakinsu. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga matarsa Azumi, da Magdalene mai kula da ɗakin shan magani, da Hammawa, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a bayan rafi. Shi kansa Baba Ishaya in ka ɗauko masa maganar sai ya ce yana da aiki.

Tun zamanin Turawa ya fara taɓa waya. Wani Bature mai haƙa rijiyoyi ne ya ɗauke shi kuku, sai aka yi dace Baturen yana da wata jaraba. In ya taso daga aiki ba ya zuwa ko'ina, sai ya zauna gaban wani akwati yana hira da mutanen wasu ƙasashe ta wayar iska, mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ba wata magana suke yi ba illa yaya kake ji na, yaya ruwa a wajenku. Miyar Ishaya ba ta taɓa burge kowa ba, Azumi ma shaida ce, amma wajen hawan itace ba a kai shi. Shi ke ɗaura eriya duk inda suka yada zango. A nan ya gane cewa akwatin ba komai ba ne in babu wayar nan ta sama, kuma wayar tana da tsawonta na ƙa'ida, in ta wuce ko ta gaza sai murya ta shaƙe. Da Baturen zai koma gida sai ya bar akwatin a hannunsa, ya haɗa shi da wani asibitin mishan mai nisan yini guda a keke, aka yi alkawari kullum bayan azahar can za su buɗe nasu su saurara. Shekaru ana haka. Wanda maciji ya sara, wanda ya faɗo daga kan giginya, Ishaya zai kira, mota ta zo.

Sai yaƙi ya zo. Mu nan ba mu ji ƙarar bindiga ba, amma tsoro ya iso mu har cikin ɗaka. Aka yi shela a kasuwa cewa duk mai na'urar da ke aika magana ya miƙa ta, wanda aka kama da ita bayan haka za a ɗauke shi mai kai wa abokan gaba rahoto. Asibitin can an bar musu tasu saboda suna da takarda, ta Ishaya kuwa takardarta ta bi Bature. Ana ta yaɗa labarin wani mai gyaran agogo a hanyar Keffi da aka samu da guntun waya a rufin ɗaki, aka jefa shi a mota, iyalinsa ba su sake ganin ko hularsa ba. Ko gaskiya ne ko ƙari, kowa ya yarda. Ishaya kuwa ba jarumi ba ne, kada wani ya yi muku ƙarya. Mutum ne da in kare ya yi haushi sai ya canza hanya. A ranar da aka yi shelar ya tumɓuke sandar eriya, ya cusa akwatin cikin buhu, ya hau ɗaure shi a bayan keke don ya kai.

Yana cikin ɗaurin ne Magdalene ta shigo da maganar Fatu, matar Hammawa. Sau biyu Fatu tana naƙuda ana fitar da ɗa ba rai, a na biyun ma da ƙyar ita kanta ta sha. Yanzu ga ciki na uku, kuma Magdalene ta duba ta, ta tabbata ƙugunta ba zai ba da hanya ba, sai an yi mata aiki. Ta roƙe su su kai ta asibiti tun da wuri ta zauna can, Fatu ta rufe fuska ta ce ita ba za ta taka da ƙafarta ta je ta kwanta gaban maza ba, surukarta kuma ta ce a rugarsu ba a taɓa yin haka ba. Abin da ya rage shi ne ranar da ciwo ya tashi a kira mota. In aka ce sai mai keke ya je ya dawo, gawa za a tarar. Haihuwar kuma sai can bayan girbi.

"Ɗan'uwa," in ji Magdalene, "ni ba zan ce ka yi ba, don ba wuyana za a kama ba. Amma in akwatin nan ya tafi, matan nan shi ma ya tafi."

Ishaya ya kalli buhun. Azumi ta ce ta yi zaton zai ce a'a, har ta fara jin sanyi a ranta. Sai ya sunkuya ya kwance igiyar.

Ɓoye akwati ba wuya, rumbu ya ishe shi. Eriya ce matsala, don ita dole ta miƙe a sarari, a sama, inda kowa zai gani. Ya yi ta zagaya gonarsa ta dawa da ke bayan gida kamar wanda ya yar da wani abu, har idonsa ya faɗa kan igiyoyin korar tsuntsaye na gonakin maƙwabta, waɗanda ake rataya wa tsumma da gwangwani a riƙa ja suna ƙara. A lokacin dawa ta fara ido, kowace gona da tata igiyar. Ya samo dainamon wata matacciyar mota, ya warware jan ƙarfen cikinsa, siriri kamar zaren saƙa. Ya auna da gaba da taƙi yadda ya saba, suka zauna shi da Azumi suka tufka igiyar rama, wayar na tsakiya, ba ka ganin ko ƙyallinta. Kowane ƙarshe ya ɗaura shi a wuyan kwalba da ya fasa ya goge a dutse, don kada wayar ta taɓa ɗanyen itace ƙarfinta ya zube. Gefe ɗaya ya kai kan ɗorawa, ɗayan kan kaɗanya, ta ratsa ta saman rumbu, daga tsakiya kuma ya sauko da wata wayar ta cikin jinka. Bai sa gwangwani ba don ƙarfe zai ɓata murya, sai ya rataya sakaina da tsummoki. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai Ishaya ya kai tasa can ƙololuwa kamar shirwa yake kora, ga shi kuma ba ta da ƙarar da za ta firgita ko ɗan tsako.

Ranar da ya gwada, ya shiga rumbun ya ja murfi, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Muryar matar da ke sauraro a asibiti ta fito tar. Ba ta tambaye shi sunansa ba, shi ma bai faɗa ba, ta dai ce suna nan kullum a lokacin da ya sani. Ya fito jiƙe sharkaf da gumi, ya zagaya bayan katanga ya amayar da abin da ya ci.

Kai ne, Baba, wanda cikinsa ya ɗuri ruwa tun ranar farko, bai kuma daina jin haka ba, amma bai sauke wayar ba. Wanda ba ya jin tsoro ba mu san abin da ya biya ba. Naka mun sani, don Azumi ta gani da idonta.

Matsalar igiyar korar tsuntsaye ita ce tana da lokacinta. Da an girbe kowa ke kwance tasa ya kai gida, wadda ta rage a sama bayan haka sai an tambayi dalili. Saboda haka da kaka ta yi, kowa ya faɗa gona, Ishaya ya ƙi girbi. Dawarsa ta nuna, ta bushe, zangarniya ta sunkuya, tsuntsayen duk gonakin da aka kwashe suka taru a tasa suna shagali. In an tambaye shi sai ya ce iri ne mai nauyi, bai gama nuna ba. Manoma fa yake faɗa wa haka. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce zama da Bature ne ya ɓata shi, ba zai san dawa ta nuna ba sai an faɗa a rediyo. Azumi tana kallon abincin shekara yana ƙarewa a cikin tsuntsaye, ga yara a gida, ba ta da bakin magana.

Wanda abin ya fi damu shi ne Hammawa, wanda ba a gaya masa komai ba, don Magdalene ta ce duk maganar da ta shiga ruga to washegari tana kasuwa tare da ƙwaryar nono. Tsakaninsa da Ishaya akwai tsohuwar ma'amala: bayan girbi shanunsa su shiga su ci kara, su bar wa gona taki. Ga shanu suna ta kewaya bakin gonar, ga dawa a tsaye. Hammawa mutum ne mai kawaici, ba zai iya buɗe baki ya ce abokina ka girbe ba. Ya yi ta juya abin a ransa har ya yanke cewa ƙarfin Ishaya ne ya gaza, kunya kuma ta hana shi neman taimako. Sai ya je ya sami mai unguwa. Aka shirya gayya a ɓoye don a faranta masa rai, aka kuma zaɓi ranar da ya ɗauki batir a keke ya tafi Karu, inda ake yi masa caji a wajen masu injin niƙa.

Da safe Azumi ta ji kiɗa. Ta leƙo ta ga gari guda a bakin gonarsu, maza da adduna, mata da ƙorai a kafaɗa. Ta ina za ta fara? Wanda ya kori gayya ya zagi gari, kuma dole ya faɗi dalilinsa. Haka ta ɗora tukunya ta dafa musu abinci, tana hawaye tana cewa hayaƙi ne. Har 'yan'uwan Hammawa da ba su san ta inda ake kama kara ba sun shiga ana yi da su, ana ta tsokanarsu. Kafin la'asar an kwantar da gonar ƙaf.

Tun daga hanya Ishaya ya hango. Gona fayau, dammuna a tare gefe guda, igiya miƙe a sama ita kaɗai, tsummoki na kaɗawa, kwalabe na ƙyalli a rana. Duk wanda ya zo wucewa a mota sai ya gan ta. Mutane suka tarye shi da murna, Hammawa na gefe ya jingina da sandarsa yana murmushi, zuciyarsa fari fat. Ishaya ya bi su ɗaya-ɗaya yana godiya kamar yadda ya wajaba. Da wani ya ce bari ya hau ya kwance masa igiyar a ƙarasa aiki, sai ya ce a bari, akwai ƙudan zuma a ɗorawar.

Da aka watse Azumi ta durƙusa a gabansa. "Maigida, ka yi iya yinka, Allah ya gani. Ka sauke ta. Ni ma ina da 'ya'ya."

"Na sani," in ji shi. "Ni ma tsoro nake ji. Amma cikin bai sauka ba tukuna."

Ran kasuwa, da kowa ya tafi cin kasuwa unguwa ta yi shiru, ya hau ya sauko da igiyar. Ya zare wayar daga ciki, ya shafe ta da baƙin tukunya da man kaɗe, ya mayar da ita tsirara, kwalaben kuma ya tura su can cikin ganye. Igiyar ya shanya ta a ƙofar gida don kowa ya ga ya sauke. Ko kana tsaye a ƙarƙashin wayar ba za ka gan ta ba sai in ka san tana nan. Ya yi ajiyar zuciya, har ya ci tuwo da ɗan yawa. Kwanciyar hankalin ba ta kai yini ba. Da yamma tsattsewa suka zo, suka sauka a kanta, suka jeru reras daga ɗorawa har kaɗanya, kowacce zaune daram a inda ido ba ya ganin komai.

Daga ranar mutumin da ya yi ƙaryar korar tsuntsaye ya koma korarsu da gaske. Shi da Azumi suka riƙa karɓa-karɓa, da hoge da majajjawa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Shanun Hammawa na ƙasa suna cin kara, Ishaya na tsakiyarsu yana jifan sama a gonar da babu ko ƙwaya. Gari ya gama yanke hukunci, aka ce ai dama an ga alama tun da ya ƙi girbi. Har addu'a aka zo aka yi masa, ya sunkuyar da kai ya ce amin, don gara a ce ya taɓu da a ce wani abu daban. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. In ya ji ƙugin mota daga nesa sai ya sandare a inda yake har sai ta wuce. Ya gaya wa Azumi gidan ɗan'uwansa da za ta kai yara in an tafi da shi, ya sa ta maimaita hanyar.

Ana cikin haka wani mai rediyo a ƙauyen gaba ya ce yana laluben tashar Kaduna ya ji wata murya kamar ya san mai ita. Bai faɗa da mugunta ba, hira ce. Amma maganar ta bi kasuwa-kasuwa, har aka ji sojoji suna bincike a Dei-Dei, bayan 'yan kwanaki aka ce sun matso.

Ciwon Fatu ya tashi, aka ɓoye yini guda cur saboda kunya. Sai washegari da hantsi Magdalene ta ji a bakin wata mai tallan nono. Ta je rugar, ta dawo gidan Ishaya da gudu, ɗankwali a hannu, ta ce ɗa ya tokare, Fatu ta daina ko nishi mai ƙarfi. A daidai lokacin babbar motar sojoji ta tsaya a kasuwa, kuma rumfar mai gyaran rediyo suka fara nufa. Daga rumfa sai gida, kowa ya san haka. Asibiti kuwa ba za su buɗe akwatinsu ba sai bayan azahar.

Azumi ta ce wa Ishaya ya bi ta rafi ya shige daji, babu wanda zai ga laifinsa. Magdalene ta tsaya tana haki. Ishaya ya kalli inuwar rumbu ya ga rana ba ta karkata ba tukuna. Ya ce wa Magdalene ta koma wajen Fatu kada a same ta a nan, ya ce wa Azumi ta je ta ci gaba da jifa. Sannan ya hau ya shige rumbun, ya ja murfi.

A ciki ya haɗa batir. Ya kira, ba amsa sai shuu. Ya sake kira. Yana jin hayaniya tana matsowa, ana buga ƙofofi, tukwane na faɗuwa, kaji na watsewa. Ya ji takun takalma sun zagayo bayan gida. Azumi na ganinsu dole ta yar da hogen da ke hannunta ta durƙusa ta gaishe su, don mace ba ta tsayawa da jifa a hannu gaban masu bindiga. Tana durƙushe tana kallon ƙasa, tsattsewa suka dawo suka jeru.

A nan ne muryar ta amsa. Ta ce ba ta ji sosai, ya ɗaga murya. Ya san wanda ke tsaye a waje, ya kuma san jinka ba ta tare magana. Ya ɗaga.

"Gudu ne, Gudu. Mace ne, haihuwa, tun jiya. Rugar Hammawa, bayan rafi. Sai an yi aiki. Ku zo da mota yanzu."

Ta ce ya maimaita sunan rugar, ya maimaita. Ta ce ta ji, mota za ta taso. Yana ajiye abin magana haske ya faɗo masa a ka. Sajan ɗin sojojin ya bi layin tsuntsayen ne da ido har inda wayar ta shige jinka, muryar kuma ta ƙarasa masa sauran. Ya leƙo ya tambaya da Turancin barikinsu wa ke da wannan kaya.

"Nawa ne, oga," in ji Ishaya. "Matana bai san komai ba."

Yadda aka fito da shi ba zan bayyana ba, akwai 'ya'yansa cikin masu karanta wannan. An ɗaure shi ta baya, aka zaunar da shi a rana, aka ci gaba da bincike gida-gida ko yana da abokan aiki. Gari ya taru daga nesa yana kallo. Hammawa ya zo neman labarin motar da Magdalene ta ce masa za a kira, ya tarar da wayar a ƙasa da akwatin a gefe, ya kalli gonar da shi ya sa aka kwantar, sai a lokacin ya fahimta. Ya yar da sandarsa ya nufi sajan yana rantsuwa yana bayani, Hausarsa ta gudu ta bar shi da Fulatanci, aka ture shi gefe. Da la'asar suka jefa Ishaya a bayan mota suka tafi.

Abin da ya faru a hanya Solomon ne ya ba ni labarinsa, direban asibitin, wanda a lokacin sabon zuwa ne, bai taɓa taka yankinmu ba. Ya iso mararraba ya rasa wadda zai bi, ga ma'aikaciyar jinya a gefensa tana ce masa ya yi sauri. Sai ga motar sojoji ta ɓullo. Ya yi ta maza ya ɗaga musu hannu, ya tambaye su hanyar rugar Hammawa. Su ma baƙi ne, suka kalli juna. Sai ya ji murya daga baya, ya ga wani mutum a ɗaure ya rarrafo da gwiwa ya ɗora haɓarsa a kan katakon motar, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe.

"Bi hagu, ɗan'uwa. Kar ka shiga gari, za ka ɓata lokaci. In ka ga tsamiya ka sauka rafi ta wajen dutse, can ne ba yashi. Rugar na gaba kaɗan. Ka taka mota."

Solomon ya tambaya ko wane ne wannan, wani soja ya buga jikin motar ya ce ya wuce. Solomon ya ce da ya waiga ya ga sajan ya cire hula yana goge fuska, yana kallon ɗaurarren nan. Amma motarsu ba ta juya ba.

A daren ranar aka yi wa Fatu aiki. Ta rayu, aka sami 'ya mace, ita ce yarinyar nan mai tsawo da ke biyo uwarta da ƙwaryar nono ran kasuwa. Ishaya kuwa sai da damina ta sake zagayowa aka sako shi, bayan likitan asibitin da mai unguwa sun yi ta sintiri, Hammawa na biye da su duk inda suka sa ƙafa. Ya dawo ba akwati, ba haƙoran gaba, kunnensa na hagu kuma ya mutu. Abin da aka yi masa a can bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Azumi. Duk tsawon lokacin nono da hatsi ba su yanke a gidansa ba, daga ruga suke zuwa. Har yau in aka buga gangar gayya Hammawa kora shanunsa yake yi ya yi nisa, ya ce shi ya gama taimakon da ba a tambaye shi ba.

Ishaya na Azumi, mai hawan ɗorawa, mun gode. Kai ne ka yarda gari ya kira ka malalaci, ya koma ya kira ka mahaukaci, ka haɗiye. Kai ne ka bi waɗanda suka tona maka asiri kana yi musu godiya, don ka san alheri suka nufa. Fatu ba 'yar'uwarka ba ce, ba yarenku ɗaya ba, ba wurin ibadarku ɗaya ba, ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa ku ba saboda kunyarta. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa 'yar wani. Ku kuma masu sana'a a hannu, makanikai da maƙera da masu ɗinki, ku duba ku gani. Ba a ce sai kun daina jin tsoro ba. In ranar ta zo da abin da kuka iya shi ne kaɗai ke tsakanin wani da kabari, ku tsaya, ko da gwiwa na rawa.

Da na gama rubutun nan na je na karanta masa, na zauna ta wajen kunnen da ke ji. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya leƙa hanya, sannan ya matso ya rage murya.

"Malam, ka sa sunana a ciki. Ka tabbata ba za su dawo ba?"

Shekara goma ke nan, yaƙi ya ƙare tuntuni, amma tambayar da gaske yake yi, na gani a idonsa. Na ce in yana so sai in cire sunan. Ya yi tunani, sannan ya ce in bar shi.

Ba za su dawo ba, Baba. In ma sun dawo, wannan karon ba kai kaɗai za su tarar a gonar ba.